Jarumtar Audie Murphy da mazan jiya na Damagaram

Na karanta labarin nan na Audie Murphy, sojan Amurka da ya hau tankar yaƙi tana cin wuta a watan Janairun 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya tare mayaƙan Jamus shi kaɗai na kusan sa'a guda da rauni a ƙafa, alhali yana ɗan shekara 19. Lalle ya cancanci lambobin yabon da aka jera masa. Sai dai labarin ya tuna mini da kakana a unguwar Birni, nan Zinder, wanda ya yi yaƙin a rundunar Faransa, yana ajiye lambarsa cikin gwangwanin shayi, ba ya fito da ita sai ranar salla. Dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka irinsa, kuma da yawansu sun rasu kafin a gyara ta.