'Yan gida ɗaya biyar a jirgi ɗaya: wa ya kamata ya ce a'a?

A watan Janairun 1943 wata mata a garin Waterloo na jihar Iowa ta rubuta wa ofishin kula da ma'aikata na rundunar sojan ruwan Amurka wasiƙa. Ta ce jita-jita ta cika gari wai an kashe 'ya'yanta maza biyar tun watan Nuwamba, kuma maganar ta fito ne daga wasiƙar da wani soja ya aiko wa tasa mahaifiyar. Ta jero sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, ta roƙa a gaya mata gaskiya. Sunanta Alleta Sullivan. Jita-jitar kuwa gaskiya ce, kuma hukuma ta yi kusan wata biyu da sanin jirgin da yaran ke ciki ya nutse.

A Amurka har gobe ana ba da wannan labari a matsayin misalin zumunci da kishin ƙasa, ana sa wa makarantu da jiragen yaƙi sunan gidan. Ban musanta zumuncin ba. Amma ina ganin an yi amfani da shi an lulluɓe sakacin manya, kuma gidan leburori ne ya biya kuɗin.

Bari mu fara da gidan kansa. Thomas Sullivan ma'aikacin reluwe ne a kamfanin Illinois Central, yana bin jiragen dakon kaya. Asalinsu Ireland, mabiya ɗariƙar Katolika. Shi da Alleta sun haifi George a 1914, Francis a 1916, Genevieve a 1917, Joseph a 1918, Madison a 1919, sai auta Albert a 1922. Akwai wata ƙanwarsu da ta rasu tana jaririya. Yara shida ke nan a cikin shekara takwas, a kan albashin mutum ɗaya. Duk wanda ya tashi a irin wannan gida ya san yadda abin yake: rigar wa ita ƙane ke gada, faɗan ɗaya a unguwa faɗan duka ne, kuma wanda ya fara samun aiki shi ke janyo na bayansa.

Waterloo na lokacin gari ne na masu aikin ƙarfi, mutanensa kimanin dubu 50, abincinsu ya rataya a kan masana'antar tarakta ta John Deere da kamfanin yanka da sarrafa nama na Rath. Yaran Sullivan sun fara tasawa daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1929, har ta kai a 1933 kusan ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aikin yi. Babu wanda ya yi nisa a karatu cikinsu. Rath ce ta ɗebe su, inda aikin na wuƙa ne da jini da sanyin ɗakunan ajiyar nama. A 1937 manyan biyu, George da Francis, suka shiga sojan ruwa, suka yi shekara huɗu suka dawo gida a 1941. Ga ɗan lebura a wancan zamani, kakin soja na nufin albashi duk wata da abinci sau uku.

Sai Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor ranar 7 ga Disamban 1941. Abokinsu Bill Ball na cikin mutum 1,177 da suka mutu a jirgin Arizona. Ranar 3 ga Janairun 1942 su biyar suka shiga sojan ruwa, bisa sharaɗin kada a raba su. Auta Albert yana da mata da jinjiri a lokacin, yana da hujjar da zai nemi a ɗaga masa ƙafa, amma ya bi yayyensa.

Nan ne na fara ganin laifin hukuma. Rundunar na da tsarin da ba ya ƙarfafa tara 'yan gida ɗaya a jirgi guda, sai dai ba a matsa a kansa ba. Kuma darasin bai yi nisa ba, ko wata guda bai cika ba da Arizona ta tafi da 'yan'uwan juna daga gidaje sama da ashirin. Duk da haka aka amince. Ranar 14 ga Fabrairun 1942, ranar da aka ƙaddamar da sabon jirgin yaƙi mai suna Juneau, aka jera su biyar cikin kaki aka ɗauki hoto, jaridu suka buga. Rundunar da ke neman matasa ruwa a jallo ta samu tallan da kuɗi ba sa saye.

Za a ce ai yaran ne suka nema da bakinsu, kuma baligai ne. Haka ne. Amma a duba me ya sa suka nema. Ɗan mai kuɗi idan ya bar gida yana tafe da takardar makaranta da sunan uba da sanayya. Ɗan lebura abin da yake tafe da shi ɗan'uwansa ne, shi ne mai tare masa faɗa, mai ranta masa kuɗi, mai kai labari gida idan wani abu ya faru. Ɗan'uwa rabin jiki, in ji masu magana, kuma a tunanin yaran nan zama tare shi ne kariya, don haka rayuwa ta koya musu a titunan Waterloo. Abin da ba su lissafa ba, hafsoshin da suka sa hannu sun sani sarai: jirgi irin Juneau maƙare yake da albarusai, jikinsa ba kauri, idan ya tafi da kowa yake tafiya. Wanda ya fi sani shi ke da alhakin hanawa. A cikin jirgin nan akwai wasu 'yan gida ɗaya huɗu, 'yan gidan Rogers daga jihar Connecticut. An sauya wa biyu daga cikinsu wurin aiki kafin abin ya faru, su ne suka tsira. Ashe rabawar ba gagara ta yi ba.

A daren 12 zuwa wayewar garin 13 ga Nuwamban 1942 aka gwabza ƙazamin faɗa tsakanin jiragen Amurka da na Japan kusa da tsibirin Guadalcanal a yankin Solomon. Juneau ya sha tofido ɗaya, wato bam mai tafiya cikin ruwa, ya fito yana jan jiki tare da sauran jiragen da suka tsira. Da hantsi wani jirgin Japan mai tafiya ƙarƙashin teku, I-26, ya harbo wani tofidon ya same shi kusa da ma'ajiyar albarusai. Jirgin ya tarwatse, cikin kusan daƙiƙa ashirin ya ɓace daga saman ruwa.

Abin da ya biyo baya shi ne ba a cika son faɗa ba a wajen bukukuwan tunawa. Kyaftin Gilbert Hoover na jirgin Helena, wanda shi ne babba a ayarin, ya ga girman fashewar ya ɗauka babu wanda zai rayu, ga kuma tsoron maharin na nan kusa, ga yawancin jiragensa da rauni. Bai tsaya ba. Ya aika saƙo ta hannun wani jirgin sama samfurin B-17 cewa a sanar da hedikwata, saƙon ya maƙale a hanya ba a yi aiki da shi a kan lokaci ba. Alhali kimanin mutum ɗari na cikin ruwa da ransu, jikinsu sharkaf da baƙin mai, wasu da ƙuna, suna maƙale da kwale-kwalen ceto. Rana ta gasa su, ƙishirwa ta haukata wasu, kifayen shak suka yi ta ɗauka. Sai bayan kwana takwas aka kammala tsamo waɗanda suka rage, mutum goma. Mutum 687 ne suka mutu.

Bisa shaidar waɗanda suka tsira, Francis da Joseph da Madison sun tafi tare da jirgin nan take, Albert ya nutse washegari. George, babban wa, ya yi kwanaki a kan kwale-kwale yana kiran sunayen ƙannensa, yana duba fuskokin mutanen da mai ya rufe, har hankalinsa ya gushe ya faɗa ruwa. Da an aika masu ceto a rana ta biyu, da mai yiwuwa Alleta ta samu ɗa guda ya dawo. Ban ɗora wa Hoover laifin duka ba, don hukuncin da ya yanke yana da hujja a fagen yaƙi, kuma Admiral Halsey da ya tuɓe shi daga muƙaminsa daga baya ya nuna nadamar yin hakan. Laifin na tsarin da saƙon ceton mutum ɗari zai ɓace a cikinsa ne.

Shirun wata biyu ma yana da uzurinsa, tunda ba a son Japan ta san yawan jiragen da ta nutsar. Sai dai uzurin bai canja yadda uwa ta ji mutuwar 'ya'yanta a bakin maƙwabta ba. Da jami'ai uku suka iso gidan da sassafe a watan Janairu, Thomas na shirin fita aiki. Yadda ake ba da labarin, ya tambaya wanne ne daga cikin yaran, aka ce masa duka biyar ɗin.

Daga nan sai gwamnati ta rungumi gidan da hannu biyu, irin rungumar da ba ta yi musu ba lokacin da suke raye. Shugaba Roosevelt ya aiko da takardar ta'aziyya. Aka buga fasta da hoton nan na ranar ƙaddamarwa ana kiran jama'a su ma su yi nasu. Aka ɗauki Thomas da Alleta, makonni kaɗan da jin labarin, aka dinga yawo da su masana'antun makamai da wuraren ƙera jiragen ruwa suna roƙon leburori irinsu su ƙara ƙaimi. A Afrilun 1943 Alleta ta ƙaddamar da wani sabon jirgin yaƙi a San Francisco da aka sa wa sunan 'ya'yanta. A 1944 Hollywood ta yi fim a kansu.

Ina iya yarda cewa iyayen sun samu sanyi a wannan yawo, don mai makoki yakan so abin da zai shagaltar da shi, kuma yana so a ce masa mutuwar ba ta banza ba ce. Kuma ba zan ce talakawa kaɗai suka yi asara a yaƙin Hitila ba: 'ya'yan Roosevelt maza huɗu duk sun sa kaki, attajiri Joseph Kennedy ya rasa babban ɗansa a 1944. Bambancin shi ne wa ke riƙe da labarin bayan an mutu. Gidan Kennedy su suka rubuta tarihinsu, da kuɗinsu da marubutansu. Tarihin gidan Sullivan kuwa ofishin yaɗa labaran soja ne ya rubuta shi, ya ɗauki abin da zai sayar da takardun lamunin yaƙi ya zubar da saura. Sai aka wayi gari mutum biyar masu hali daban-daban sun koma abu ɗaya mai kai biyar. An manta George ya girmi Albert da kusan shekara takwas, ya san teku, shi kuma Albert yaro ne ɗan shekara 20 da ya bar jinjiri. An goge warin mahauta da barin makaranta da faɗan unguwa, wato an goge ainihin abin da ya sa ba sa iya rabuwa.

Wadda aka fi cuta a wannan gyaran tarihi ita ce Genevieve. Kullum ana cewa 'yan'uwa biyar, alhali su shida ne. Ita ce ta tashi a tsakiyarsu, tsakanin Francis da Joseph, ta wayi gari ba ta da wa ba ta da ƙane ko ɗaya. A gida mai yara da yawa, 'yan'uwa su ne ma'ajiyar tarihin juna, kowa na riƙe da wani ɓangare, wannan ya tuna ranar da uba ya rasa aiki, wancan ya musa ya ce ba haka aka yi ba. Ita ba ta da sauran wanda za ta yi wannan musun da shi. A 1943 ta shiga sashen mata na sojan ruwa, aka yi amfani da ita wajen ɗaukar sababbin sojoji. Mahaifinta ya rasu a 1965, mahaifiyarta a 1972, ita kuma a 1975. Zuriyar mazan duka biyar ta rataya ne a kan jinjirin nan na Albert, wanda shi ma da ya girma ya shiga sojan ruwa.

Amurkawa da dama sun ɗauka akwai wata doka mai sunan Sullivan da ta haramta tara 'yan'uwa a jirgi ɗaya. Majalisa ba ta taɓa yin irin wannan doka ba. Abin da aka samu, bayan wannan musiba da ta gidan Borgstrom na jihar Utah da suka rasa 'ya'ya huɗu cikin wata shida a 1944, shi ne tanadin 1948 da ya keɓe ɗa namiji tilo da ya rage a gidan da yaƙi ya ci sauran daga aikin soja na tilas. Tanadi ne mai kyau, amma yana fara aiki ne bayan an riga an yi asarar, kuma da a ce yana nan a 1942 babu abin da zai tsinana wa Alleta, tunda nata a jirgi ɗaya aka kwashe su.

Kamfanin Rath ya rufe a 1985, ayyukan da suka ciyar da dubban gidaje irin na Sullivan suka tafi da shi. Jirgin da Alleta ta ƙaddamar yana Buffalo a jihar New York a matsayin gidan tarihi, akwai kuma na biyu mai sunansu da ya fara aiki a 1997. A Maris ɗin 2018 masu binciken attajiri Paul Allen suka gano ɓaraguzan Juneau a ƙarƙashin tekun Solomon, kafafen labarai suka sake fito da hoton nan na yara biyar cikin kaki. A jirgin akwai wasu mutum 682 da suka mutu tare da su, da yawansu bayan kwanaki suna jiran ceton da ya makara, kuma da labarinsu aka fi bayarwa da tambayar da za a dinga yi wa rundunar sojan ruwan Amurka ta bambanta da wadda ake yi mata yanzu.