Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na raka ɗan yayata wani babban kanti a nan Kano zai sayi takalmi, muka bi ta gaban shagon gem da ke saman bene. Sai na ji ihu, irin ihun da ke sa mutum ya fara neman ƙofa da ido. Na leƙa. Yaro ne da bai fi shekara tara ba, an ɗaura masa gilashin VR, wato na'urar da ke sa mutum ya ga kamar yana cikin wasan da kansa, ya rufe masa rabin fuska, madaurin ma ya yi masa yawa sai da aka tattare shi ta ƙeya. Yana ja da baya, yana son kai hannu ya cire, wani saurayi ya riƙe masa hannuwa gam ta baya. Wasu uku sun ɗaga wayoyi suna dariya har da riƙe ciki. A talabijin ɗin bango ana nuna abin da yaron ke gani: dogon lungu mai duhu, fitila na ƙiftawa, ga wata halitta mai ruɓaɓɓiyar fuska tana rarrafowa.

"Yaya, don Allah ka cire mini! Yaya na tuba!"

Me ya yi da zai tuba? Kafin a cire, fitsari ya biyo ƙafar wandonsa har cikin silifas.

Ashe mai riƙon yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da na yi magana sai ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Haba Malam, wasa ne fa. So nake ya zama namiji." Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Abokansa kuwa tuni sun koma gefe suna gardamar waƙar da za su ɗora a kan bidiyon kafin su sa a TikTok.

Wasa ne fa. Tun ranar kalmar nan take yi mini yawo a kai. Ni ba na cikin masu cewa duk abin da ya zo daga Turai ko Japan kafirci ne, na buga ƙwallo a gidan gem har na gaji a zamanina. Amma wannan gilashin daban yake, kuma masu ƙera shi sun fi kowa sanin haka. Idan fim ɗin ban tsoro kake kallo, ka kawar da kai ka ga labulen ɗakinku, ka ga ƙanwarka tana cin gyaɗa, hankalinka ya dawo. A cikin gilashin nan in ka juya dama abin yana nan, ka juya hagu yana nan, ka waiga baya ka tarar ya fi kusa. Sautin an tsara shi yadda za ka ji numfashi a bayan kunnenka. Ƙwaƙwalwa tana da sashen da ke lura da haɗari, shi kuma ba ya jiran a yi masa bayani: zuciya ta hau bugu, gumi ya karyo, ƙafa ta nemi gudu. Ido yana cewa tafiya ake, ma'aunin da ke cikin kunne yana cewa a tsaye kake, shi ya sa wasu ke fitowa da jiri da tashin zuciya. Ƙato mai gemu ma yana zubewa ƙasa. To ina ga ɗan firamare?

Kamfanin Sony da ya fitar da PlayStation VR a 2016 ya rubuta ƙarara cewa ba na yaran da ba su kai shekara 12 ba ne. Gilashin Quest na kamfanin Meta, wato masu Facebook da suka sayi Oculus a 2014 kan kusan dala biliyan 2, shekara 13 suka fara gindayawa, sai a 2023 suka sassauto zuwa 10, shi ma da sharaɗin iyaye ne ke riƙe da akalar asusun. Wannan na gilashin kaɗai ke nan. Wasannin ban tsoron kansu, irin Resident Evil 7 da kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 2017, lamba 18 ce ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsu a Turai, wato sai wanda ya kai shekara 18. Mutanen da muke zagi kullum cewa ba su da tarbiyya su ne suka sa iyaka, mu masu tarbiyya muka tsallake ta da dariya. Mai shagon da na tambaya ko yana duba shekaru, ya ce shi dai an biya shi kuɗin minti goma.

Wanda ya tara kuɗinsa, ya kai shekarunsa, ya ce shi sai ya je aljanun kwamfuta sun bi shi da gudu, tsakaninsa da aljihunsa. Ko da yake shi ma abin da mamaki. A ƙasar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, ƙasar da mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda ƙarar babura, a ce wai tsoro ya yi mana ƙaranci har sai mun saya da kuɗi. Ƙoshi ne. Amma bar wannan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ka kama wanda ya fi ka rauni, wanda ya biyo ka saboda ya yarda da kai, ka jefa shi cikin firgici, kai kuma ka tsaya kana ƙirga masu danna maka so. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ba a kan ƙanne abin ya tsaya ba. Na ga bidiyon da aka ɗaura wa wata dattijuwa, tana salati tana lalube, ɗankwalinta ya zame, jikokinta suna ƙyaƙyatawa. Ka san lafiyar zuciyarta? Ka san hawan jininta? Su kansu kamfanonin suna gargaɗin masu ciwon zuciya da masu farfaɗiya su nemi shawarar likita kafin su sa. Na ga wanda aka yi wa almajiri, an ce a ba shi ɗari biyar in ya jure. Na ga na amarya da ango ya yi wa haka wai soyayya ce. Wannan dariyar ƙeta ce, ko da wane suna kuka kira ta. Ciwo ɗaya ne da na masu zaro waya idan mota ta kife a titi, mutum na neman agaji su suna neman inda hoto zai fi fita.

Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai suna tafiya tare da Manzon Allah (SAW), ɗaya daga cikinsu ya yi barci, wani ya lallaɓa ya ɗauke igiyar da ke tare da shi, mutumin ya firgita. Sai Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Igiya fa! Kai kuma ka saka ɗan uwanka cikin kango da gawa tana bin sa, ka riƙe masa hannu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Kai bidiyonka kwana biyu zai yi a manta da shi. Daren da yaron zai farka da ihu, ya ƙi fita banɗaki shi kaɗai, ya maƙale wa uwarsa, ba ka nan, kana majalisa. 'Yan ajinsu da za su ga wandon nan a waya su laƙaba masa suna, shi ma ba kai za ka amsa ba.

Wai ya zama namiji. Bafillacen da ke shiga sharo ƙirjinsa yake buɗewa, ba na ƙaninsa ba. Ɗan dambe da kansa yake shiga fage. In jarumta ce, ka ɗaura wa kanka, ka ba yaron wayar ya ɗauke ka.

Ku ji tsoron Allah, 'yan uwa. Iyaye ma a daina miƙa kuɗi don kawai yara su fice a samu sararin kallon waya, a riƙa tambayar inda aka je. Masu shaguna su duba abin da suke ci.

Mu ma an tsorata mu muna yara, ban musa ba. Kakarmu ta kan shimfiɗa tabarma bayan isha'i ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta kawo Dodo har sai mun cure wuri guda. Amma a cinyarta muke, hannunta na kan bayanmu, in ta ga ƙaramin cikinmu ya fara rawar leɓe sai ta sa Gizo ya yi wata wauta a fashe da dariya, ta rufe da ƙurunƙus. A lokacin ana cewa tsoro na daji, kunya na gida. Babban wa kuwa uba ne. In aka ɗauke wuta aka aike ni shago, yayana ne ke biyo ni da tocila, ya tsaya bakin lungu yana fito don in san yana nan. Ya sha dukana a gida, amma ranar da karen maƙwabta ya biyo ni, shi ya tare shi da dutse a hannu.

Da muka sauko daga benen na sake hango su a wurin ajiye motoci. Yayan na gaba, kansa a sunkuye cikin waya yana murmushi. Yaron na biye da shi, ya janyo rigarsa ƙasa da hannu ɗaya yana rufe gaban wandon, ɗaya hannun kuma yana riƙe da gefen rigar yayan nasa don kada ya ɓace a cikin mutane.