A duba mai kafin a ce rak ne

Yayata ce ta kai motarta gareji saboda sitiyari na rawa, bakanike ya ce sai an canza rak, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba in an murɗa sitiyari. Bakaniken da zai ce a canza rak ɗin sitiyari bai ko ɗaga bonet ba, wannan ɗan kamashon masu sayar da kayan gyara ne kawai ya sa kaya masu baƙin mai.

A ce baiwar Allah ta kawo mota, ta yi bayani dalla-dalla: sitiyari na karkarwa yana gurnani in ta murɗa shi har ƙarshe, wajen fitowa daga gida ko juyawa a lungu, amma a kan titi lafiya lau. Oga na kan benci yana sakace, ko tashi bai yi ba, ya ce "Hajiya ai rak ne." Ma sha Allah! Mai gani har hanji. Da a asibiti yake da tuni an ba shi farfesa. Har ya fara lissafin na Beljiyam da za a ɗauko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

A duba mai tukuna mana. Motar Accord ce ta 2005, sitiyarinta da mai yake aiki. Akwai famfo da bel ke juyawa, shi ke tura man da ke sa sitiyari laushi. Lokacin da famfon nan ya fi shan wahala shi ne sa'ad da mota ke tafiya a hankali kuma an murɗa sitiyari ya kai maƙura. In man ya yi ƙasa, ko iska ta shiga ya yi kumfa, ko bel ya saki yana zamewa, a daidai nan za ka ji rawar a hannunka. Duba wannan ko minti 5 ba ya ci. Ka buɗe murfin robar man sitiyarin, ka ga inda ya tsaya, ka ga kalarsa, ka tayar da injin ka ga ko yana kumfa.

Da muka buɗe, man na ƙasa da layi, kumfa kamar an kaɗa omo, kuma ja ne. Wato wani gwanin ya taɓa ɗura mata man giya. Toyota da yawa suna karɓar man giya a sitiyari, amma Honda nata man daban take so, shi ya sa aka rubuta a kan murfin, sai dai wa ke karanta murfi? Aka zubar, aka sa wanda ya dace, aka canza 'yar robar zoben nan da ke bakin famfo wadda iska ke bi ta shiga. Rawa ta ɗauke. Rak ɗin da aka yanke wa hukuncin kisa yana nan da ransa.

Na san wani zai ce ai wani lokacin rak ɗin ne da gaske. To, in an duba an ga shi ne sai a canza, wa ya hana? Wani kuma ya ce sun daɗe a sana'ar, da kunne suke ganewa. Kunnen da bai ji motar a kunne ba?

Rawar ma ai iri-iri ce. In ƙas-ƙas-ƙas kake ji a kwana, musamman in ka taka totur, leƙa bayan taya, galibi robar shaf, ƙarfen da ke juya taya, ce ta yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga. In Hilux ce tana tirjewa a kwana kamar an riƙe ta, duba ko an bar ta a 4H, wato giyar jan ƙafa huɗu, a kan kwalta. CR-V mai jan ƙafa huɗu tana gurnani a kwana in man difaren na baya, akwatin da ke raba wa tayoyin baya ƙarfi, ya tsufa. Wadda sai ka kai gudun 100 take rawa, wannan balansin taya ne, wadda kuma sai ka taka burki, faifan burki ne. Duk waɗannan babu rak a ciki. A duba, a duba, a duba.

Wallahi ba raina sana'ar nake ba. Mutanen nan suna wuni cikin rana a ƙarƙashin mota, wasunsu sun fi injiniya mai takarda sanin ƙarfe, kuma akwai masu tsoron Allah da za su ce maka je ka ƙara mai kawai, kar ka ba ni komai. Abin da ke ci mini rai shi ne yayata da kuɗin makarantar yara ta so ta biya rak ɗin nan, don ta yarda da maganar wanda ta ɗauka ya sani.

Ku ma masu mota, ku daina danne sitiyari a maƙura kuna riƙewa yana kuka, famfon kuke dafawa. Ya kai ƙarshe, ɗan sassauta.

Af, sai masu faci. Malam, wa ya ce maka kowace taya iska 50 ake ba ta? Ga takarda nan manne a jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci 30 da 'yan kai ne. Na nuna wa wani shekaranjiya, ya dube ni ya ce wai wannan na ƙasar Turawa ne, iskarmu ta nan daban ce.