A ceto shi, amma ya biya

Masu cewa a ƙyale duk wanda ya kai kansa ƙasar da ake yaƙi, ni dai ban bi ku ba. Rai ba abin wasa ba ne, gwamnati ta je ta ɗauko ɗan ƙasarta. Amma don Allah a riƙa bambancewa. Ɗalibin da ke karatu a Khartoum, ya wayi gari ranar 15 ga Afrilun 2023 harsashi na ratsa tagar ɗakinsa, me ya yi? Yaƙi ne ya same shi a zaune. Shi kuwa wanda aka gargaɗe shi, ya toshe kunne, ya ɗauki kyamara ya tafi yawon buɗe ido don ya burge mabiyansa a intanet, ai ganganci ya yi. Sojan da za a tura ya fito da shi ma ɗan wani ne, yana da iyali.

Amurka kan sa waɗanda ta kwaso su sa hannu a takardar alkawarin biyan kuɗin jirgi. A Jamus ma, kotu ta yanke hukunci a 2009 cewa wata 'yar yawon buɗe ido da aka sace a Kolombiya ta biya kuɗin helikwaftan da ya ɗauko ta. Hakan ya yi min daidai, in dai ba talakan da neman abinci ya fitar za a matsa wa ba.