Ranar da Mutum-mutuminmu Ya Kai wa Dagaci Gaisuwa

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare da ke birnin Kano, kuma abin da ya haɗa ni da ƙungiyar ɗalibai masu ƙera mutum-mutumi bai wuce cewa teburina ne mafi kusa da ƙofar ofishin malamai ba. An yi wa malamin kimiyya da ke kula da su haihuwa, sai ranar suna ta faɗo daidai da ranar da suka tsara zuwa wata firamare a wani ƙauye da ke kan hanyar Wudil. Shugaban makaranta ya leƙo yana neman wanda zai raka su, idonsa ya fara sauka a kaina. Ya ce aikin ba shi da wahala tunda yaran sun san komai, nawa kawai in gaisa da manya, in kuma tabbatar an dawo da adadin yaran da aka tafi da shi.

Burin yaran babba ne. Suna mafarkin wata rana su wakilci Najeriya a gasar FIRST Global, wadda aka fara a birnin Washington na Amurka a shekarar 2017, inda kowace ƙasa take tura ƙungiyar matasa guda ɗaya. Malaminsu ya sha gaya musu cewa a irin waɗannan gasa ana yaba wa ƙungiyar da ta kai iliminta ga wasu, shi ya sa suka ƙudurta koya wa 'yan firamare abin da suka iya.

A cikin mota aka nuna mini gwanin, kuma gaskiya na raina shi. Tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, yana da taya biyu a baya da wata 'yar ƙarama a gaba, ga wayoyi ja da shuɗi da ɗorawa sun yi masa cirko-cirko a ka. Shugabar ƙungiyar, wata yarinya 'yar aji biyar mai yawan natsuwa, ta yi mini bayani cewa ƙwaƙwalwarsa wani ɗan faifai ne mai suna Arduino da aka fara ƙerawa a Italiya a 2005, batiransa biyu kuwa daga cikin mataccen batirin laftof aka ciro su a kasuwar Sabon Gari. A ƙarƙashinsa akwai idanu biyu masu fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Farin wuri yana mayar musu da hasken, baƙi kuma yana shanye shi, da haka yake bin layin baƙin salatif da aka manna a kan farin katako. A goshinsa kuma akwai wata na'ura mai fitar da sauti mai kaɗawa sau dubu 40 a daƙiƙa, alhali kunnen mutum ba ya wuce dubu 20, tana sauraren dawowar amon kamar yadda jemage yake yi, idan ta ji abu a kusa sai ta tsayar da tayoyin. Na yi ta gyaɗa kai, hankalina yana kan jawabin da nake shiryawa a zuci.

Abin da aka tsara shi ne a shiga aji ɗaya da 'yan aji biyar da shida. Ashe tun daren jiya mai shela ya zagaya gari yana cewa 'yan boko za su kawo mutum-mutumi daga birni, mai tafiya da kansa, mai gaishe da mutane. Muna isa muka tarar da dagaci a kan kujera da fadawansa, liman a gefensa, mata sun jeru a jikin katanga, 'yan talla har sun kafa kasuwar gyaɗa da rake. Na dubi ajin, na dubi jama'a, na yanke hukunci a fito da katakon waje, ƙarƙashin darbejiya.

Shugabar ta matso ta rage murya ta ce, "Malam, a yi haƙuri, a rana ba zai yi aiki daidai ba."

Na ce, "Yarinya, abin da aka ƙera a Kano ne zai ji tsoron rana? Ai ga inuwa nan, ku shimfiɗa."

Suka ɗora katakon a kan wata babbar tabarmar roba, kuma a lokacin inuwa ta rufe shi gaba ɗaya. Aka tayar da janareto, aka miƙo mini abin magana. Duk wanda ya san malamin tarihi ya san ba a ba shi lasifika a ce ya taƙaita. Na fara da Isma'il al-Jazari, masanin nan da ya kammala littafinsa na na'urori a shekarar 1206, na kawo labarin agogonsa mai siffar giwa da na'urarsa mai zuba wa mutum ruwan wanke hannu, na nuna cewa wannan sana'a Musulmi sun daɗe da sanin daɗinta. Liman yana gyaɗa kai, ni kuwa ina ƙara samun ƙarfi. Ban lura ba cewa watan Afrilu muke ciki, rana tana ta hawa, inuwar darbejiya tana ta janyewa, har rabin katakon ya koma cikin rana, sauran rabin kuma ya yi dabbare-dabbare da hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye. Da na gama, na kai abin maganar gaban dagaci na ajiye domin ya sa albarka daga baya, baƙar wayarsa ta miƙe a kan tabarma tun daga bakin katakon har gindin kujerarsa.

Aka danna makunni. Mutum-mutumi ya kama layi tiryan-tiryan, yara suka ɗauki sowa, ni ma na dubi shugabar da irin kallon nan na ai na gaya miki. Bai yi kamu biyu ba ya shiga rana. Daga baya aka fahimtar da ni cewa hasken rana cike yake da irin hasken da idanunsa ke aiki da shi, don haka komai ya zama fari a wurinsa, inuwar ganye kuma ta zama baƙin layi. Ya juya hagu, ya juya dama, ya yi kewaye biyu a wuri ɗaya, wata tsohuwa ta ce a bar shi, rawa yake yi. Sai ya gangaro daga katakon ya faɗa kan tabarma ta ɓangaren inuwa, inda ya ci karo da layin da ya fi namu tsawo da kauri, wato wayar lasifika. Ya daidaita ta a tsakanin tayoyinsa ya miƙe sak wajen dagaci.

Shugabar ta ce mini kada in damu, an saita shi ya tsaya idan ya rage santimita 15 tsakaninsa da abu. Da bango ne ko ƙofa, da ya tsaya. Amma dagaci babbar riga ya sa, mai taushi, mai ninki a kan ninki har ƙasa, kuma yadi irin wannan shanye sauti yake yi, ba ya mayar da amo. A lissafin mutum-mutumi babu kowa a gabansa. Muna ji muna gani ya kutsa ƙarƙashin rigar ya ɓace.

Sai na yaba wa sarauta a ranar, domin dagaci bai yi tsalle ba, bai yi ihu ba. Ƙafafunsa kawai ya ɗaga sama gaba ɗaya yana karanta a'uziyya, fuskarsa tana kallon gabas kamar ba abin da ke faruwa. Wani bafade ya daka tsawa, "Hattara! Lafiya, zaki!" ya ɗaga sanda zai kai duka. Yaron da ke yi wa ƙungiyar aikin haɗa waya ya yi tsalle ya riƙe sandar yana roƙo, "Baba, don girman Allah kada ka doke shi, kuɗin tararmu ne na zango biyu!" A can ƙarƙashi kuwa taya ta naɗe zaren bakin riga, injin yana ta kuka, rigar tana motsi ita kaɗai. Makunnin yana jikin na'urar, na'urar tana inda take, kuma cikin duk tawagarmu ni ne babban da zai iya tunkarar wurin.

Na durƙusa na ce, "Allah ya ja zamaninka, a ba ni izini in sa hannu."

Ya dube ni ya ce, "Malam, ai ɗan naka bai nemi izini ba da zai shiga."

Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Na yi ta lalube har na kashe shi, amma fitowa ta gagara sai da aka aiko da almakashi daga gidan tela. Da na miƙe, gwiwoyina duk ƙasa, na ɗauki abin magana na sanar da jama'a cewa mutum-mutumin ya ga bai dace ya fara aiki ba sai ya kai gaisuwa wurin uban ƙasa. Aka yi tafi. Dagaci ya ce ya amsa, amma idan an koma birni a koya masa sallama.

Wanda ya fitar da mu kunya wani dattijo ne mai gyaran rediyo a garin. Ya karɓi na'urar ya juya ta, ya leƙa idanun, ya ce ai irin hasken da ke bakin rimot na talabijin ne, kuma shi ya daɗe da sanin rana tana rikita shi. Ya aika aka kawo kwalin sukari, ya yanka, ya kewaye idanun da shi ya ɗaure da salatif, shugabar kuma ta murɗa wani ɗan ƙaramin noti har fitilar jikinsu ta riƙa bambance fari da baƙi. Aka mayar da katakon baranda, wurin da ta so tun farko, kuma tarbiyya ta hana ta ko kallona. Mutum-mutumi ya zagaye layin ba tangarɗa.

Daga nan ne taron ya zama na yara. Aka ba su salatif suna manna hanyoyinsu, masu lanƙwasa da masu kwana, suna gardamar wadda za ta kayar da shi. Wata 'yar aji huɗu ta tambaya me ya sa yake tsayawa idan ta sa tafin hannu, amma bai tsaya wa rigar Baba Dagaci ba. Maimakon ta ba ta amsa, shugabar ta sa aka kawo farantin tangaran da matashin kai, aka gwada kowanne: ya tsaya cak a gaban faranti, ya tunkuyi matashi. Dagaci da kansa ya taso ya gani, ya tattare rigarsa da hannu biyu, ya tsaya nesa kaɗan. Ya tambaya ko abin zai iya korar tsuntsayen jan-baki daga gonar gero. Da aka ce masa tukuna, sai ya ce to a dawo da shi idan ya girma.

Da za mu tafi ya ba mu tukuicin wani jibgegen zakara. Aka ɗaure masa ƙafafu aka ajiye shi a bayan mota kusa da kwalin kayan aiki, wanda ba wanda ya tuna ya rufe. Kafin mu shigo gari zakaran ya zare wayoyin kan mutum-mutumin ɗaya bayan ɗaya, musamman jajayen, har da wadda ba a sake ganinta ba. Yaran suka shafe makon da ya biyo baya suna sake haɗa shi daga zanen da ke littafinsu. Shugaban makaranta kuwa, da na kai masa rahoto, ya saurare ni da kyau, ya bayyana cewa kyautar da aka yi wa tawagar makaranta dukiyar makaranta ce, ya sa masinja ya kai zakaran but ɗin motarsa.