A auna raunin dutse, a daina ƙiyasi

Duk ramin da aka haƙa a cikin dutse, na mota ne, na jirgin ƙasa ne ko na ruwan madatsa, yana barin rauni a jikin dutsen da ya kewaye shi. Haka ma gangaren da aka yanka a gefen titi ko a mahaƙar ma'adinai. Babu injiniyan da bai san wannan ba. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa a kan takarda ake ƙiyasta zurfin raunin, a fesa kankare a kai, a yi gaba, alhali ga kayan awo nan.

Wani raunin ba laifin kowa ba ne. Nauyin da dutsen da aka kwashe yake ɗauke da shi tilas ya koma kan wanda ya rage. A wata cibiyar bincike ta ƙarƙashin ƙasa a Manitoba ta Kanada, an haƙa rami a zurfin mita 420 ba tare da nakiya ba, amma rufinsa da daɓensa suka dinga ɓarewa har suka zurma. A aikin tashar lantarki ta Jinping ta biyu a ƙasar Sin, inda kaurin dutsen da ke bisa ramukan ya kai kimanin mita 2,500, dutse ya fashe da kansa a 2009, ya hallaka ma'aikata bakwai, ya ragargaza injin haƙa.

Amma kason da ke hannun mai aiki ba kaɗan ba ne. A cibiyar bincike ta ƙarƙashin ƙasa ta Aspo da ke Suwidin, a shekarun 1990, an kwatanta ramuka biyu a cikin dutse iri ɗaya. Wanda inji ya haƙa, rauninsa bai wuce 'yan santimita ba. Wanda aka fasa da nakiya kuwa, raunin ya kai kusan santimita 30 a bango, 80 a daɓe. Daɓen ake ɗura wa nakiya fiye da bango, kuma shi ne tarkace da ruwa ke rufewa, ba mai duba shi.

Gwanin fasa dutse yana gane aikinsa a jikin bango. In hayaƙi ya lafa aka haska fitila, fasa mai kyau takan bar rabin shatin kowace hudar da aka ɗura wa nakiya a miƙe, jere reras daga wannan gefe zuwa wancan. Inda shatin ya ɓace, nakiya ta ci fiye da rabonta. Sai ma'aikaci ya bi da doguwar sandar ƙarfe yana ƙwanƙwasa rufi: lafiyayyen dutse amonsa siriri ne mai kaifi, wanda ya saki kuwa amonsa dushi-dushi. Wannan ilimi ne na gaske, ina girmama shi, sai dai iyakarsa fuskar dutse. Don a san abin da ke ciki sai a yi ƙananan huda, a zura kyamara, a aika sauti daga wata huda zuwa wata, domin sauti na rage gudu a tsagaggen dutse. A kuma tura ruwa da ƙarfi a ga nawa dutsen zai sha. Awon ruwan nan ne na fi ba muhimmanci, musamman a gangare, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwan sama ya cika tsagar, ya tura dutsen waje a hankali, shekaru bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa.

A 2002 Evert Hoek, masanin injiniyancin dutse, da abokan aikinsa sun ƙara wata lamba a ƙa'idar lissafin ƙarfin dutse ta Hoek da Brown, daga 0 ga dutsen da bai jigata ba zuwa 1 ga wanda nakiya ta jigata sosai. Lambar tana da amfani, amma daga jadawali ake zaɓo ta. A zaɓi ƙarama, gangare ya yi tsayuwar da dutsen ba zai iya ba. A shafa babba a kan dutsen gaba ɗaya, maimakon ɓawon da ya raunana kaɗai, a kashe kuɗi a banza. Awo ne kawai ke raba gardama.

Za a ce awo na cin lokaci da kuɗi, kuma a dutse mai rauni ba a jinkirta feshin kankare, rayukan ma'aikata na ƙarƙashinsa. Gaskiya ne. Ba kuma kowane rami ke bukatar tsantsenin Onkalo ta Finland ba, inda za a binne sharar nukiliya. Amma ɗaukar hoton bango da na'urar leza aikin mintuna ne, huda kuma ana iya yin ta ta cikin kankaren daga baya. Matsalar ta fi zama a kwangila: muddin yawan mitocin da aka haƙa ne kaɗai ma'aunin biya, ɗan kwangila zai ƙara nakiya, ya rage yawan hudar da ake ɗura ta a ciki. A rubuta masa tun farko cewa za a auna raunin a zangon farko da duk inda nau'in dutse ya sauya, a gyara tsarin fasa bisa sakamakon, a kuma miƙa bayanan ga waɗanda za su kula da ramin bayan an buɗe shi.