Kada a mai da wahalar yaran hijira abin kallo

Idan watan Yuni ya kama, ran 16 ranar yaran Afirka, ran 20 kuma ta ƴan gudun hijira, sai ka ga samari masu wasan kwaikwayo sun jero yara gaban manyan baƙi. Sau da yawa labarin ɗaya ne: mota ta mutu a Sahara, uwa na girgiza jarkar da ba ɗigon ruwa, ƙaramin yaro na miƙa kwanon bara. A yi tafi, a watse.

Niyyar samarin ba ta da aibi, amma wannan fama gyambo ne. A Damagaram labarin ba ƙage ba ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, akasari mata da yara ƴan yankin Kance na jihar Damagaram. Daga Disamba 2014 ake ta maido da ƴan Nijar daga Aljeriya ayari ayari ta Assamaka da Agadas, ga kuma iyalan da rikicin Boko Haram ya taso daga Diffa tun 2015. Yaron da ya sha wannan hanya, ka sa shi ya maimaita ta gaban jama'a, shi zai kwana da firgici, kai ka kwana da hoto.

Damagaram, garin da ya iya wasan kara, wato kwaikwayon gargajiya da kayan kara, bai rasa abin koya wa yaro ba. A fara da gaɗa, da langa, da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, inda yaro zai zama kura ko sarki ya yi dariya. A ba su karan dawa su ƙera mota da rawani. Wanda ya zo da Barbarci kaɗai ba ya buƙatar tafinta kafin ya shiga tafi da amshi.

Kafin komai a nemi yardar iyaye, a gai da mai unguwa. Rukuni kada ya wuce yara 20, da masu kula biyu, ɗaya lallai mace, in ba haka ba iyaye ba za su saki ƴan mata ba. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa, bayan la'asar, don zafin bazara a nan yana haura maki 40. A gauraya su da yaran unguwa; ware su shi ke haifar da sunan "ƴan Aljeriya" da zai bi yaro har lakwal.

Bindigar kara, kakin soja da ƙarar ba-zata, a ajiye su gefe. Ganga ma a fara ta a hankali. Idan yaro ya ƙame ko ya fashe da kuka, ban da tambayar "me ya faru da kai a can?" A zauna kusa da shi, a ba shi ruwa, a sanar da uwarsa, in abin ya maimaitu a kai maganar ga ma'aikatan kare yara. Ɗan wasa ba likita ba ne.

Sai batun kuɗi, inda masu tausayi suka fi yin ɓarna. Yaron da aka saba aika wa bara, ka damƙa masa dala ashirin bayan ya yi rawa, ka koya masa cewa rawar ma bara ce. In akwai ƙosai ko biskit, a raba wa kowa daidai a ƙarshe, ko ya yi wasa ko bai yi ba. Fuskarsu kuma ba ta Facebook ba ce.

Yawancin masu aikin nan ɗalibai ne, da jarrabawar ƙarshen shekara ta matso sai su ɓace, damina kuma ta kwashe saura zuwa gona. Yaran da aka riga aka raba da gida sau ɗaya su yi ta zuwa fili ba kowa. Gara ƙungiya ta ɗauki Asabar ɗaya a mako na wata uku, ta rubuta sunan mai maye gurbin kowa, ta kuma faɗa wa yaran ranar rufewa tun da saura mako biyu.